Fuskar Nalva a Bayan Motar Ibura

Shekara goma sha ɗaya Marinalva ta yi ba ta hau tudun Ibura ba, alhali daga rumfar ɗinkinta da ke bayan kasuwar São José zuwa ƙofar gidan uwarta mota ɗaya ce, ko sauka a canja ba a yi. Mu da muke layin rumfuna ɗaya da ita Nalva muke ce mata. A masallaci ne kaɗai ake kiranta Safiya, shi ma sai an kira sau biyu take waiwayowa. Gyaran kaya take yi: zif ɗin da ya ci, wandon da ya yi wa mai shi tsawo, rigar bikin da aka ɗinka tun kafin amarya ta yi ƙiba. Hannunta akwai kyau, bakinta kuwa sai dai a yi haƙuri. Ka kawo mata wando kana cewa yau kake so, sai ta leƙo ka ta saman tabarau ta ce, "Jiya kana ina, ɗan gwamna?"

A nan garinmu Recife ɗa ba ya wuce uwarsa bai nemi bensa ba, wato albarka. Ka kama hannunta ka kai baki, ka ce, "Bensa, Mainha," wato "Albarka, Mama," ita kuma ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ko kana da furfura, ko a waya ne, ko jiya kun rabu baram-baram, da wannan ake farawa. Ɓarawo ma in ya dawo daga aikinsa yakan nema, kuma a ba shi. Wannan amsar ce Nalva ta yi shekara goma sha ɗaya ba ta ji daga bakin uwarta ba, kuma ita ta ja wa kanta.

Tana da shekara ashirin da tara ta musulunta, a hannun wata abokiyar aikinta a kamfanin ɗinkin riguna. Dona Creuza, uwarta, 'yar Katolika ce mai carbi a aljihu da mutum-mutumin waliyyinta a kan firji. Ta yi mita, ta yi kuka, ta kunna kyandir a coci, daga baya ta gaji ta haƙura. Har ɗankwalin take goge mata, tana gugar tana cewa, "A zafin garin nan? Sai ƙwaƙwalwarki ta dahu." Ranar Lahadi kuwa tukunyar wake biyu take ɗorawa, babba mai naman alade ta mutanen gida, ƙarama mai busasshen naman sa ta Nalva. Uwar da ta yi wannan, me kuma ake nema a wurinta?

Sai ga wani mai zafin kai, wanda shi kansa bai cika wata shida da shiga addinin ba, karatunsa duka a waya yake, ya ce mata ai sumbatar hannun wanda ba Musulmi ba da neman albarkarsa bai halatta ba. Nalva ta haɗiye maganar ɗanya. Aka zo ranar da Dona Creuza ta cika sittin, gida ya cika maƙil, 'ya'ya da jikoki suka yi layi kowa na kama hannu. Da aka zo kan Nalva, uwar ta miƙo hannun yadda ta saba, ko kallonta ba ta yi ba, tana can tana yi wa wani jika faɗa. Nalva ta harɗe hannayenta a ƙirji ta ce, "Salamu alaikum, Mainha."

Hannun ya tsaya a iska. Kowa ya gani, har maƙwabtan da suka leƙo ta taga suna jiran a yanka kek. Dona Creuza ta dubi hannun nata, ta mayar da shi aljihu, ta shiga kicin ta sauke ƙaramar tukunyar daga wuta.

"Tunda kin ƙoshi da albarkata," ta ce, "kin ƙoshi da wakena."

A ranar Nalva ta kwashe kayanta ta koma ɗakin haya a cikin gari, tana ganin kanta wadda aka kora saboda Allah. Ba a yi wata biyu ba limamin masallaci ya ji labarin, ya dafe kai. "Wa ya gaya miki haka? Uwarki ce fa. Ki koma ki kama hannun nan da hannu biyu." Ta buga waya, aka kashe. Ta sake bugawa, yayanta Genival ya ɗauka ya ce, "Mainha ta ce ita Marinalva ta haifa, ba ta san wata Safiya ba." Ta aika da kek, aka dawo mata da shi ko gutsira ba a yi ba. Zuwa da ƙafarta kuwa ta kasa. Tsoro take ji, kuma ba ta ɓoye mana ba: in ta je ta nemi hannun aka hana ta, magana ta ƙare ke nan, amma muddin ba ta je ba akwai sauran wata rana. Da wata ranar nan ta cinye shekara goma sha ɗaya. Mai zafin kan nan kuwa tuni ya bar addinin, yana can yana sayar da maganin rage tumbi.

Ba ta yi aure ba. Ta bar kamfani ta buɗe rumfa, ta yi suna a gyaran zif, ta zama mai dafa wa mata abincin buɗe baki a watan azumi. Amma kewar uwarta ba ta taɓa sakinta ba. Kowace safiya takan turara kuskus na masara a irin tukunyar da ake turarawa a gida, da irin garin, da irin gishirin, ta ɗanɗana ta ce bai yi ba. In mai kawo gyara ya ɗaga waya a bakin rumfa ya ce, "Bensa, Mainha," sai ka ji keken ɗinkinta ya tsaya cak. Ta sunkuya ta yi kamar zare ne ya tsinke. Duk mun sani, ba wanda ya taɓa tanka mata.

Ana nan aka fizge wa wata Musulma ɗankwali a tashar mota da rana tsaka, mutane na dariya, wani na ɗauka a waya. Su Nalva sun saba da ƙanana, irin su "matar bom" da "koma ƙasarku," da masu tambayar ko mijinta ne ya tilasta mata, ita da ko saurayi ba ta ajiye ba. Wannan dai ya yi yawa. Wata ƙungiyar lauyoyi da ɗalibai ta zo masallaci ranar Juma'a, suka ce za su sa talla a gilashin bayan motocin haya har wata guda: fuskokin Musulmin garin, mutum shida, mota shida, kowa da layinsa. Budurwar da ke jagorantarsu, Glauce, ta tsaya a gaban mata da takardu tana bayani.

"Fuskata a gindin mota tana shan hayaƙi?" in ji Nalva. "'Yar nan, nemi wata. Ni ko a katin zaɓe ban yi kyau ba."

Aka yi dariya. Glauce ta ci gaba da karanta layukan motocin, Casa Amarela, Olinda, Ibura.

"Wace Ibura? Mai hawa har sama, ko mai tsayawa a gindin tudu?"

"Har sama, Dona Nalva. Har tasha ta ƙarshe."

Nalva ta cire tabarau ta kama gogewa da bakin ɗankwali, ta daɗe tana gogewa. Tasha ta ƙarshe taku ashirin ce daga ƙofar Dona Creuza, kuma a ƙofar nan tsohuwar ke wuni tana tsince wake tana sa ido a kan unguwa.

"In a wannan za ku sa ni, ku ɗauka," ta ce. "In ba ita ba, a'a."

Aka ɗauki hoton a bakin rumfa, tef ɗin awo rataye a wuyanta. A ƙasa aka rubuta da manyan baƙaƙe: A nan aka haife ni. Musulma ce ni. Maƙwabciyarku ce. Ta roƙi Glauce a ƙara kalma biyu a gefe, ko da ƙanana ne, a sa "Bensa, Mainha." Glauce ta ce saƙon na gari duka ne, ba wasiƙa ba ce. Nalva ta ce to, a ranta kuwa ta san wasiƙa ta aika.

Ranar da motocin suka fito, gari ya ɗauka. Mai gyaran agogon da ke jikin rumfarta ba ya kashe rediyo, don haka ko tana so ko ba ta so sai ta ji. Wani ya bugo gidan rediyon ya ce motar jama'a ba wurin wa'azi ba ce, yau Musulmi ne, gobe kowa sai ya zo da nasa. Wata ta ce ai tuntuni coci-coci ke manna nasu a gilashin nan ba wanda ya yi ko tari. Wani ɗan majalisar gari, irin masu neman a ji muryarsu kafin zaɓe, ya ce akwai hannun 'yan waje a ciki, a bincika. Wani fada na coci ya ce shi dai bai ga abin tsoro a fuskar mai ɗinki ba. Wani kuma ya ce abin bai kai a yi masa talla ba, Musulmin garin nawa ne gaba ɗaya, su ke neman suna.

"Tauraruwa, da ke fa ake," in ji mai agogo.

"Rage muryar abin nan, ko in ɗinke masa baki in haɗa da naka."

A masallaci ma ba a ƙyale ta ba. Wasu suka ce bai dace mace ta tsaya a gilashi direbobin baya suna ƙare mata kallo a cunkoso ba. Wani matashi mai karatu ya ce shi roƙon da ke ciki ne ke ci masa rai. "Sai mun rubuta a gindin mota cewa mu mutane ne? Wai maƙwabciyarku ce. To in ba maƙwabciyarku ba ce fa, sai a fizge mata ɗankwali?" Nalva ta ga yana da gaskiya, ta ga su Glauce ma suna da tasu, amma duk ba wannan ke gabanta ba. Wayarta take kallo. Ta ɗora ta a kan keke, girgiza ta sa ta zame, ta mayar, ta sake zamewa, ta sake mayarwa. Kwana ɗaya, kwana biyar, kwana goma sha biyu. Genival ne kaɗai ya aiko da saƙo, ya ce ta kyauta, yanzu a mashaya "yayan matar bom" suke kiransa. Ta tambaye shi ko Mainha ta gani. Ya ce makaho ma ya gani. Ta tambaye shi me ta ce, bai sake amsawa ba.

A sati na biyu aka fara fesa wa hotunan fenti. Nata aka yi wa gemu, aka rubuta zagi a goshi, motar Olinda kuwa da dutse aka tarwatsa gilashinta. Mai agogo ya nuna mata a waya yana ta tsine wa waɗanda suka yi. Ita zagin bai taɓa ta ba, ta ji wanda ya fi shi a bakin kasuwa. Abin da ya tsaya mata a ƙirji shi ne uwarta na zaune a ƙofa, a gaban maƙwabta, wannan fuskar mai gemu ce ke wuce ta. Ta je neman albarka ta kai wa tsohuwa abin kunya har gida. Ranar ta ɓata wando biyu, ta yanke wa ɗaya ƙafar da ba ita aka ce ba.

Kwana goma sha takwas da fitowar tallan, wani ƙato mai tumbi da rigar direbobi ya tsaya a bakin rumfa, ya dube ta sama da ƙasa, ya kwashe da dariya.

"Ashe kina da ƙafafu."

"Bawan Allah, gyara ka kawo ko ba'a?"

"Adeildo sunana. Sati biyu da rabi ina yawo da ke a bayana, har matata ta fara yi min tambayoyi." Ya ajiye wani wando a kan tebur. "Wannan lafiyarsa ƙalau, don kada in zo hannu rabbana ne. Magana na kawo."

Ya ja kujerar masu jira ya zauna ba a ce masa ya zauna ba.

"Akwai wata tsohuwa a tasha ta ƙarshe. Ƙarfe biyu in na tsaya hutun minti goma, sai ta fito da bokiti da tsumma da kwalbar kananzir, ta goge ki tas. Ranar farko na ce, Dona, bari ma'aikatan gareji su wanke. Ta ce ma'aikatan gareji ko wuyansu ba su iya wankewa ba. In na zo da laka a gilashi ni take zagi, wai ina tuƙi kamar mai kai aladu kasuwa. Na ce mata, 'yarki ce? Ta ce in kula da sitiyarina."

Nalva ta ajiye almakashi.

"Seu Adeildo, me ya sa kake gaya min?"

"Don gobe ne ƙarshe. Kamfani ya ce ya gaji da sayen gilashi, jibi da safe za a ɓare duka shidan. Masu surutun rediyo sun ci." Ya tashi ya ɗauki wandonsa. "Ni ba ruwana da addininku, nawa ma ban riƙe shi da kyau ba. Amma tsohuwar nan tsawonta bai kai goshinki ba, kullum sai ta taka bulo. Wata rana za ta faɗo a ce ni ne."

Washegari ta rufe rumfa da sha biyun rana, abin da ko tana zazzaɓi ba ta yi. Ta bar motar Ibura uku suka wuce har ta Seu Adeildo ta iso. Ta je kujerar ƙarshe ta zauna, ƙeyarta jingine da bayan hotonta. Ba wanda ya gane ta. Mutum biyu a gabanta suna ta gardamar tallan, ɗaya na rantsuwa cewa matar ma ba 'yar ƙasar nan ba ce, daga waje aka ɗauko hoton. Ita kuwa kowace kwana ta hanyar nan ta san ta. Gidan burodin da ake aikenta ya zama coci. Mangwaron bakin makaranta an sare shi. Da aka zo gindin tudu tsoron nan ya taso mata gaba ɗaya, ta miƙe ta ja igiyar sauka. Seu Adeildo ya dube ta a madubi, ya sa giya ya kama hawa kamar bai ji ba.

A tasha ta ƙarshe kowa ya sauka ya watse. Ta sauko ta zagaya bayan motar, ta tarar Dona Creuza ta riga ta, tana tsaye a kan bulo. Ta ƙanƙance, gashin ya yi fari fat. Rigar da ke jikinta Nalva ce ta ɗinka, ta gane ɗinkin wuyan, duk da furannin sun koɗe. Fentin yau baƙi ne, an ja layi biyu a kan idanu da ɗaya a goshi.

Tsohuwar ta ji tsayuwar mutum ta waiwayo. Ta dubi Nalva, ta dubi hoton, ta sake duban Nalva.

"Kin rame. A nan kin fi kumatu."

"Gyara shi suka yi, Mainha."

"Sau shida a rana kike wuce ƙofata, kina kallona kina tafiya da baya. Wa ya koya miki wannan rashin kunyar?"

Nalva ta matsa ta miƙa hannu biyu. 

"Bensa, Mainha."

Dona Creuza ta dubi hannayen, ta daɗe tana dubansu. Sannan ta ɗora mata tsumman a ciki.

"Kin fi ni tsawo. Goge can sama, goshin nan ban taɓa kai masa da kyau ba."

Ta dafa mota ta sauko daga bulon. Nalva ta hau, ta kama goge goshinta da kananzir, tana gogewa tana kuka. Uwar na ƙasa riƙe da ƙugu tana ba da umarni.

"Hagu. Ba nan ba, hagu na ce. Har yau ba ki iya wanki ba."

Seu Adeildo ya ƙara musu minti biyar da ba nasa ba, sannan ya danna hon. Nalva ta sauko ta janye bulon, ba ta shiga motar ba. Motar ta tashi ta kama gangare, fuskar nan tas da ita tana kallonsu tana nisa. Dona Creuza ta ɗaga hannu, ba wajen Nalva ba, wajen gilashin, da alamar wadda ta saba yin haka kullum, ta ce a fili, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya kai ki lafiya."

Nalva na tsaye taku ɗaya daga kafaɗarta. Ba ta san ko nata ba ne ko na hoton. Ta ce amin a hankali, yadda ko ba nata ba ne ba za a ce ta sata ba.

"Direba ya ce gobe za su ɓare shi," in ji tsohuwar, idonta na kan hanya.

"Haka ne, Mainha."

"To." Ta sunkuya ta zubar da ruwan bokitin a kwata, ta toshe kwalbar kananzir. "Ni dai ƙarfe biyu ina nan. Na riga na saba."

Ta ɗauki bokitinta ta nufi gida, ba ta ce zo ba, ba ta ce tafi ba. Nalva ta tsaya tana kallon yadda take jan ƙafar hagu, tana tunanin a wace shekara cikin sha ɗayan nan ƙafar ta fara, da wanda ya raka ta asibiti.